Baƙin Tef a Yatsa

Shekara goma sha ɗaya Bahaguwa ta yi tana tsayawa a wuri guda, ƙarshen teburi na biyu a gidan gyaran kifi, daf da famfo. Ba don ta fi kowa ba aka bar mata wurin. Da hagu take riƙe wuƙa, duk wadda ta tsaya ta wannan gefen nata sai ta sha gwiwar hannu a haƙarƙari, shi ya sa tun makonta na farko aka tura ta can baki. Sunan kuma ya bi ta har gida. Mijinta, wanda tela ne, shi ma da shi yake kiranta in ta ɓata masa rai.

Da sassafe motar kifi take isowa daga gonakin da ake kiwonsa, robobi cike da karfasa da ƙanƙara. Mata goma sha huɗu ne, teburin ƙarfe biyu. A kankare ɓawo, a datse ƙayar baya, a farke ciki, a ɗauraye, a jefa a daro, maza su kwashe zuwa ɗakin sanyi. Kai a sunkuye daga safe har rana ta karkata. A hannun daman Bahaguwa wata mata ce ke tsayawa wadda ake ce wa Rediyo, domin daga kifin farko har na ƙarshe bakinta ba ya rufuwa. Wanda ya sayi sabon babur, wadda mijinta ya daina cin girkinta, duk a kunnen Bahaguwa na dama ake sauke su. Ita kuwa ba mai magana ba ce. Iyakarta ta ce "to" ko "ke dai", hannunta na tafiya.

A bangon wurin akwai wata takarda da ruwa ya kusa cinyewa, an rubuta cewa duk mai rauni a hannu ba za ta taɓa kifi ba sai ta warke. A ƙasan takardar akwai ƙusa, a ƙusar an rataye safunan hannu na roba masu kauri, waɗanda in ka sa su kifi zillewa yake yi kamar sabulu. Ba mai sa su. Abin da matan suka saba shi ne su naɗe kan yatsunsu da baƙin tef na masu gyaran wuta, wai don kare ƙaya. Yana karewa kaɗan. Amma babban amfaninsa wani ne daban, kuma kowace ta sani: in ƙaya ta soke ki, ki tsotse jinin ki tofar, ki ƙara naɗi biyu a kai, ba wanda zai bambanta yatsa mai rauni da mai lafiya. Manaja ya zo ya wuce, ya ga baƙaƙen yatsu kamar kullum. Ba a mayar da ke gida ba, ba ki rasa aikin ranar ba.

Haka Bahaguwa ta yi wata Talata, da ƙayar wata ƙatuwar karfasa ta shige mata ɗan yatsan tsakiya na hannun dama, hannun da take danne kifi da shi. Ta tsotse, ta tofar, ta naɗe. Ba ta ma tsaya da sauraron labarin da Rediyo ke ba ta ba.

Ranar Alhamis yatsan ya kama zugi. Ranar Juma'a ta tashi da zazzaɓi da ciwon kan da ba ta taɓa jin irinsa ba, ta haɗiyi ƙwayar magani biyu ta fita. Fitilun da ke saman teburi suka zame mata kamar ana watsa mata barkono a ido. Sai kuma abin da ya ba ta tsoro: ta ɗauko kifi ta ajiye a gabanta, ta zo sunkuyar da kai, wuya ya ƙi. Kamar an soka mata sanda daga ƙeya zuwa gadon baya. Ta ɗaga kifin zuwa saitin fuskarta tana kankarewa a sama, ta yi guda uku a haka, a na huɗu ta yanke jiki ta faɗi.

Abin da ta iya tunawa na ƙarshe shi ne hannuwa da yawa a jikinta, ana ɗaga ta, ana yayyafa mata ruwa. Sai wata murya ta ce ku dubi wuyanta, wannan ai sanƙarau ne. Nan take hannuwan suka janye gaba ɗaya, kanta ya koma kan siminti mai jiƙe.

Kwana biyar tana asibiti ba ta san inda take ba. Daga baya Tela ya ba ta labari, yadda aka lanƙwasa ta aka ɗebi ruwa daga ƙashin bayanta, ruwan ya fito gurɓatacce, yadda aka yi ta ɗura mata allura ta jijiya, yadda ta riƙa kiran sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Likitar da ke duba ta wata siririyar mata ce mai tabarau, wadda ba ta son a ce mata "haka Allah ya so" kafin ta gama tambaya. Ta ce sanƙarau ne, babu shakka, amma sakamakon ɗakin gwaji ya nuna wata ƙwayar cuta da ita kanta a littafi kawai ta san ta. Ta tambayi Tela ko suna kiwo, ko wani a gidan ya yi irin wannan ciwon, ko ta yi tafiya. Duk ya ce a'a. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zo sauya wurin ƙarin ruwa, ta ga baƙin tef ɗin ya dame ta, ta sa almakashi ta yanke. Yatsan ya kumbura ya yi suntum, ya tara ruwa, ga jan layi ya haura har wuyan hannu.

Da Bahaguwa ta dawo hayyacinta likitar ta zauna a bakin gadonta ta yi mata bayani. Ta fara ta gefen dama, ta ga matar tana kallon bakinta kawai, sai ta zagayo hagu. A nan suka gane kunnen dama ya tafi. Likitar ta ce mai yiwuwa ba zai dawo ba. Ta ce wannan ba irin sanƙaraun da ke bin iska ya kama unguwa ba ne. Ƙwayar a jikin kifi take zama, ta rauni take shiga mutum, ta bi jini, a mafi yawan mutane iyakarta hannu, amma jefi-jefi takan haura har kai. Ba a ɗaukarta a numfashi, ko a kwano, ko a gaisuwa. Ta ce da an wanke ciwon an bar shi a buɗe an zo da wuri, da abin bai kai haka ba.

Mako uku ta yi a asibiti. Ranar sallama likitar ta ba ta takarda mai hatimi ta kai wurin aiki. Karatun Bahaguwa bai yi nisa ba, don haka Tela ne ya karanta mata a gida, yana bin layi da yatsa kamar mai duba ɗinki. Magana biyu ce a ciki. Ta farko, ta warke kuma ba ta yaɗa wa kowa komai. Ta biyu, cutar ta shige ta ne ta raunin ƙayar kifi da aka rufe da tef a wurin aiki, kuma ya kamata a duba hannun sauran ma'aikata.

A cikin matan goma sha uku mutum ɗaya ce ta zo duba ta, dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a aikin, wadda suke kira Uwar Tebur. Ita ta koya wa Bahaguwa riƙon kifi, ita ta fara naɗa mata tef. A bakin ƙofa ta tsaya, aka kawo mata kujera ta ce ƙafarta ba ta gaji ba, aka kawo ruwa ta ce yanzu ta sha. Bahaguwa ta lura, amma murna ta hana ta damuwa. Ta ɗauko takardar ta gaya mata abin da ke ciki, duka biyun.

Uwar Tebur ta dubi takardar. Sannan ta matso taku ɗaya, ta rage murya, har sai da Bahaguwa ta juyo mata da kunnen hagu.

"'Yar nan, kin san in takardar nan ta shiga hannun Manaja tef ɗin kowa zai kwance. Yau ɗin nan ba za a rasa mutum biyar masu ciwo a hannu ba. Wasu su ke ciyar da gidajensu. In masu wurin suka ji, suna iya cewa duk mu tafi a kawo wasu."

Bahaguwa ta ce to ita fa, wurinta fa.

Uwar Tebur ta ce ta yi haƙuri ta ɗan zauna a gida, mutane suna da mantuwa, wata biyu wata uku zancen zai bi iska. Ta ce ta san Bahaguwa ba mai tona asirin 'yan uwanta ba ce. Da haka ta yi sallama ta tafi, ruwan yana nan a ƙasa ba a taɓa ba.

Ranar Litinin Bahaguwa ta ɗaura rigar robarta, ta sa takalman ruwa, ta naɗe wuƙarta a tsumma. Ta ninke takardar ta soke a aljihun ciki. Tafiyarta ba ta gama daidaita ba, takan ɗan karkata dama kamar mai ɗauke da bokiti, amma ta isa kafin motar kifi.

Manaja ya tare ta a ƙofa. Mutum ne mai tumbi da tarin makullai a ƙugu, ba mugu ba, sai dai ba ya son abin da zai sa a kira shi daga sama. Ya tsaya nesa da ita ya yi mata sannu da jiki, ya ce shi ba shi da matsala da ita, amma matan sun ce in ta shiga su za su fita. Ya ce an riga an sa wata sabuwa a wurinta. In tana da takardar likita da ta wanke ta, ta kawo, sai ya ga abin da zai iya yi.

Takardar tana taɓa ƙirjinta. Ta leƙa ta bayan kafaɗarsa ta hango Uwar Tebur tana kallonta, wuƙa a tsaye. Ta hango sabuwar, wata doguwa, a bakin famfo, a inda siminti ya lotsa daidai tafin ƙafarta.

Ta ce, "Yallaɓai, ba zan shiga ba tunda ka ce. Amma titi ba naka ba ne."

Ta tsallaka, ta samo wata fasasshiyar robar kifi a jikin bango, ta kifa ta daidai saitin ƙofar, ta zauna. Ta ciro dutsen washi ta fara wasa wuƙa. A nan ta wuni har aka tashi. Washegari ma haka. Jibi ma haka.

Tela bai ji daɗin abin ba. Ya ce ko dai ta miƙa takardar kowa ya ji da kansa, ko ta zauna a shago ta taya shi sa maɓalli, amma matar aure ta je ta zauna a titi tana wasa wuƙa sai a ce ciwon ya taɓa mata kai. Ta ce ai ya taɓa, likita ma ta faɗa. Ta ce allura kuwa, ya manta ranar da ta ɗinke masa aljihun wando ta rufe bakinsa gaba ɗaya? Ya ce bai manta ba, har yau mai wandon ba ya gaishe shi. Ya tambaye ta to me take jira a can. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Abin da ta sani, in ta zauna a gida ta yarda ke nan ita annoba ce, in ta miƙa takarda ta cire abinci a bakin mutum biyar. Zama a kan robar nan kaɗai ne bai sa ta yi ɗaya daga ciki ba. Ya ce Bahaguwa ke nan, komai nata ta bauɗaɗɗen gefe. Amma da safe shi ya ɗinka mata ɗan matashi ta ɗora a kan robar.

Wadda ta fi yi mata ciwo Rediyo ce. Shekara goma sha ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ita ta riƙe mata jaka ranar da ta haifi autarta, yanzu in za ta wuce sai ta ja mayafi ta toshe hanci. Kuma ba sai an gaya wa Bahaguwa ba, ta san ta bakin wa labarin ya isa wurin mai shagon unguwarsu, wanda yanzu yake ajiye mata kaya a kan benci maimakon ya miƙa mata. Rana ta huɗu Rediyo ta kasa daurewa, ta tsaya daga tsallake ta ɗaga murya ta ce, baiwar Allah, ki ji tausayin masu 'ya'ya ki koma gida mana.

Bahaguwa ta juya mata kunnen dama, ta nuna shi da bakin wuƙa. "Ki zuba a nan, ƙawata. Shekara goma sha ɗaya kina cika shi, ya gaji ya rufe."

Masu sauke kaya suka kwashe da dariya. Rediyo ta ce Allah ya shirya, ta shige.

Zaman ya koya mata kallo. Da, kanta a sunkuye yake, kifi kawai take gani. Yanzu daga kan robar tana ganin teburin biyu ta ƙofar da ba a rufewa saboda ƙarni, tana ganin wadda ta yi saurin kai yatsa baki ta tofar, tana ganin tef yana zagaya hannu zuwa hannu a ƙarƙashin teburi. Ta ƙirga sau bakwai a mako guda. Duk wadda ta gani sai yatsanta na tsakiya ya motsa, wanda har yanzu bai gama lanƙwasuwa ba.

Rana ta tara Rediyo ta zo a makare. Ba ta toshe hanci ba, ba ta ce komai ba, ba ta ma dubi tsallaken titi ba. Ta kare ido da tafin hannu ko da yake rana ba ta yi zafi ba, tana takawa a hankali, kai a miƙe, kamar mai ɗauke da cikakken daro alhali ba komai a kanta. Hannun hagunta a manne da ƙirji. Bahaguwa ta daina washi.

Ta bi ta da ido har teburi. Aka zuba kifi. Aka fara aiki, kuma ko da kunne ɗaya ta ji wurin ya yi wani irin shiru, ƙarar wuƙaƙe kawai. Rediyo ta ɗauki karfasa, ta ajiye, ta tsaya. Sai ta ɗaga ta sama zuwa saitin fuskarta, ta fara kankarewa a haka.

Bahaguwa ba ta san lokacin da ta tsallaka titin ba. Manaja yana can ɗakin sanyi. Ta shiga da takalman ruwanta, matan suka dare gefe biyu, wata ta yar da daro, sabuwar ta maƙale a bango. Rediyo kaɗai ba ta gudu ba, don ba ta da ƙarfin gudu. Idonta ya yi ja, fuskarta na naso.

"Sa haɓarki a ƙirji," in ji Bahaguwa.

Rediyo ta ce ta rabu da ita, mura ce kawai.

"Ki sa na gani, sai in fita."

Ta gwada. Haɓar ta sauko kaɗan ta tsaya, ta saki wata 'yar ƙara, hawaye suka zubo. Wata daga baya ta ce shi ke nan, ta shafa mata, dama an faɗa. Maganar ta zagaya wurin, aka fara neman ƙofa. Hayaniyar ce ta fito da Manaja, makullai na kaɗawa, yana tambayar wa ya bar ta ta shigo.

Bahaguwa ta kamo hannun da Rediyo ke ɓoyewa. Zafi kamar murfin tukunya. Babban yatsan an yi masa naɗi a kan naɗi har ya yi biyun ɗan uwansa. Ta ɗago wuƙa, sai ta ji Uwar Tebur ta kira sunanta, ba da ƙarfi ba, daga gefen hagu inda ta tabbata za a ji.

Bahaguwa ta dube ta. Ta ce, "Inna, kwana tara na rufa muku asiri. Wannan kuwa kwana ɗaya ya rage mata."

Wuƙar da aka yi kwana tara ana wasawa ba ta sha wahalar tef ba. Ta zura bakinta a hankali ta tsaga shi daga sama har ƙasa ba tare da ta taɓa fata ba, ta ɓare. Yatsan ya fito ja-baƙi, yana ƙyalli, bakin ciwon na tsatsar ruwa. Ta ture hannun rigar sama. Jan layin ya wuce wuyan hannu, ya kusa gwiwa. Ta ɗaga hannun yadda kowa zai gani, sannan ta buɗe nata na dama ta jera su, tabon da ya warke kusa da ciwon da bai warke ba.

Ta zaro takardar, wadda gumi ya sa ta yi laushi, ta miƙa wa Manaja. Ya yi jinkirin karɓa.

"Takarda ba ta cizo, Yallaɓai. Ka karanta da ƙarfi, kunnena ɗaya ne."

Ya karanta. Da ya zo magana ta biyu muryarsa ta yi ƙasa, ta ce ba ta ji ba, ya maimaita. Ya maimaita. Matan suna tsaye, kowace ta mayar da hannuwanta baya kamar 'yan makaranta.

Bahaguwa ba ta tsaya jin abin da zai biyo baya ba. Ta ce a kawo mota. Direban motar kifi ya fara cewa shi kifi aka ɗauke shi ya ɗauka, ta ce to wannan ma kifi ne ya kawo ta, ya buɗe baya. Manaja ya ɗaga masa kai. Ba wadda ta matso ta kama, sai Uwar Tebur, da ta ajiye wuƙarta ba tare da ta dubi kowa ba ta ɗauki ƙafafun. Suka shimfiɗa Rediyo a tsakanin robobin da ba komai. Bahaguwa ta zauna ta ɗora kanta a cinya, ta rufe mata ido da mayafi saboda haske, ta tallafe wuyan da hannu biyu duk sanda mota ta faɗa rami. A hanya Rediyo ta yi ta motsa baki. Bahaguwa ta sunkuya da kunnen hagu ta ji tana cewa kar a gaya wa Manaja, kar a mayar da ita gida.

A asibiti mai rubuta suna ya ce su bi layi. Bahaguwa ta wuce shi, ta bi barandar da ta sani, ta tura ƙofar da ta sani, ta samu likita mai tabarau tana wanke hannu. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce ta kawo wata, teburinsu ɗaya, ƙayar kifi, wuya ya ƙi sunkuyawa tun safe. Likitar ta dube ta daƙiƙa ɗaya, ta yar da tawul ta bi ta. Kafin a gama cike katin Rediyo an riga an sa mata allurar farko.

A gidan kifi kuwa abin da Uwar Tebur ta faɗa ya faru. Manaja ya sa kowa ta kwance tef a gabansa. Mutum shida aka samu, ba biyar ba, aka tura su a duba su, aka ce kar su dawo sai ciwon ya rufe. Masu wurin suka zo da mota mai baƙin gilashi, aka yi faɗa a ofis, aka ji muryar Manaja yana rantsuwa bai sani ba, abin da ko ɓeran wurin bai yarda da shi ba. Ba a kori kowa ba, amma an yi kwana biyu ba wanda ya san haka. Daga baya aka kawo wasu safunan hannu marasa kauri masu kaushin tafi, aka kafa akwatin magani kusa da famfo, aka hana shigowa da tef.

Ba wanda ya aika wa Bahaguwa cewa ta dawo. Ranar Litinin ta zo da kanta, ta wuce robar da ta yi kwana tara a kai, ta ɗauke ɗan matashinta, ta shiga. Manaja yana bakin ƙofa, ya duƙa yana neman wani makulli a ƙugunsa har ta wuce. Ta je ƙarshen teburi na biyu ta tsaya a bayan sabuwar. Sabuwar ta waiwayo, ta dubi Uwar Tebur, Uwar Tebur ta nuna mata wurin ɗaya daga cikin shidan da haɓa. Ta kwashe kayanta ta matsa. Ƙafafun Bahaguwa suka faɗa lotsawar simintin.

Ba a yi mata sannu da zuwa ba. Safar tana rage sauri, shidan suna gida, kuma kowa ya san dalili. Tana ganin bakuna na motsi a jere ta hannun damanta, tana ganin harara tana zuwa tana komawa. Ta gefen nan ba abin da ke shiga. Ta sa safarta, ta danne karfasa, ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji, ta ɗan bar shi a haka don daɗin abin, sannan ta fara.

Uwar Tebur ta yi mako biyu ba ta yi mata magana ba. Ran da ta yi, cewa ta yi wuƙar nan taki ta fi ƙarfin kifi, ara mini dutsen.

Rediyo ta dawo bayan wata guda, ta rame, mayafi ya yi mata yawa, amma kunnuwanta biyu suna nan, bakinta ma haka. Ta tsaya a tsohon wurinta ta fara ba da labarin wata ma'aikaciyar jinya da ke soyayya da mai tura gado. Ta yi nisa sosai kafin ta lura Bahaguwa ko "to" ba ta ce ba. Ta dubi kunnen, ta dubi ɗan wurin da ke tsakanin ƙarshen teburi da famfo, inda ba a taɓa tsayawa ba. Ta tattara wuƙarta da daronta ta zagayo hagu, ta matse kanta a wurin.

Bahaguwa ta ce mata nan ba wurin tsayawa ba ne, za ta sha duka.

Rediyo ta ce ta dai yi aikinta. Ta koma farkon labarin. Ba ta kai ga mai tura gadon ba gwiwar hannu ta same ta a haƙarƙari, ta ce wash, ta dafe wurin, ta ci gaba daga inda ta tsaya.